Yaron da Ba Ya Tsayawa a Aljihu

Ƙyallen rawaya, alamar laifi a ƙwallon Amurka, ya faɗo dab da ƙafar Ozell Tramble tun kafin ya saki rigar mutumin. Bai ko juya ya dubi alƙalin wasa ba, ya san nasa ne. Jama'a na ta ihu, don yaron nan Sandoval ya zille wa mutum biyu ya sheƙa da ƙwallo har ya wuce tsakiyar fili, amma duk a banza. Alƙali ya kunna lasifika ya sanar wa filin gaba ɗaya cewa mai lamba saba'in da huɗu ya yi riƙo, a dawo da ƙwallo baya yadi goma. Ihun murna ya koma na zagi, kuma a gida ake wasan.

Fontenot, wanda aka riƙe wa rigar, ya gyara kafaɗa yana dariya.

"Baba tsoho, in rigar kake so ka bari a tashi in sa maka hannu a kai, ka kai wa jikoki."

Karo na biyu ke nan yau da aka jefa wa Ozell ƙyalle, ko hutun rabin lokaci ba a je ba.

Shi ne ƙaton da ke tsayawa a ƙarshen layi ta hagu, yana kare bayan kwatabak, mai jefa ƙwallo, ta ɓangaren da ba ya gani. Shi da abokan layinsa kan ja da baya su yi masa zobe, abin da ake kira aljihu, shi kuma ya tsaya a ciki ya nemi wanda zai jefa wa. Abin da 'yan kallo ke mantawa shi ne mai kariya ba ya ganin wanda yake karewa, baya ya ba shi. Shekara da shekaru wannan bai taɓa damun Ozell ba, don Lorenzo Whitlock ne a bayansa, kuma Whitlock in ya ja da baya ya tsaya, to ya tsaya, kamar an kafa turke. Har tsiya ake masa cewa ko gobara ta tashi a filin sai dai a zo a ciccibe shi. Ozell ya san inda yake ko da ido rufe. Abin da kawai zai yi, ya tura mutuminsa waje ya zagayar da shi ta can baya, kafin ya juyo ƙwallo ta daɗe da tashi.

Sai bana masu ƙungiya suka ce zamani ya canza, kowa kwatabak mai ƙafa yake nema. Suka ɗauko Bridger Sandoval daga jami'a, ɗan masu kiwon shanu, suka zaunar da Whitlock a benci da hular rana. Ta fannin hali yaron ba shi da aibu, har mai wanke riguna yallaɓai yake ce masa. Amma ƙafarsa ƙaiƙayi take yi. Da ya ga inuwar mutum sai ya juya ya fice ta hagu, daidai inda Ozell ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tura mutane. Mai kawo hari yana ganinsa, sai ya juya zai bi. Ozell bai gani ba, hannunsa na nan damƙe a ƙirjin riga, riga ta miƙe, ƙyalle ya faɗo. Da yamma a nuna yaro a talabijin yana tsalle, Ozell kuwa ba a jin sunansa sai a bakin alƙali.

Da suka fito gefen fili ya kasa zama. Ya zauna ya tashi, ya kurɓi ruwa ya furzar, ya kwance igiyar hular kwanonsa ya sake ɗaurewa. Whitlock ya matso ya tsaya kusa da shi, hannu a ƙirji, ido a fili. Ya ce masa Fontenot ya gano shi, ya daina kai hari da ƙarfi, jira kawai yake yaro ya motsa. Ozell ya ce ya sani, ba yau ya fara wasa ba. Ya ƙara da cewa da Whitlock ne a ciki da tuni an ci biyu, kowa ya koma gida da mutuncinsa.

"Bar wannan magana," in ji Whitlock. "Ni da kaina na san da ni ne a wancan wasan da ya zille, da yanzu ana tattara haƙorana a ciyawa. Yaron ya iya. Kai ne ba ka iya shi ba."

Maganar ta yi wa Ozell zafi, don daga bakin wanda ya fi tsammanin zai goya masa baya ta fito.

A ɗakin sauya kaya lokacin hutu, wasu na cin burodi da man gyaɗa, wasu na shan ruwan tsamin kokwamba saboda ɗaurewar jijiya. Koci Dubrowski, mai kula da 'yan layi, ya yafito Ozell zuwa bakin banɗaki, inda yake kai mutum in maganar ba ta jama'a ba ce. Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsoratarwa. Ya ce manyan ƙungiya sun gaji, tun ranar Laraba suke tambayarsa me ya sa Tolliver ke zaune. Tolliver ɗin sabon ɗauka ne, bai kai Ozell ƙarfi ba balle sanin aiki, amma tun yana makaranta kwatabak masu gudu yake karewa. Koci ya ce ya tsaya masa iya tsayawa.

"Ƙyalle ɗaya, Ozell. Ɗaya tak, ka fito. Kuma in ka fito yau, ni ban ga ranar komawa ba. Ka ji mutuminka ya juya, buɗe hannunka. Ka bar shi ya tafi. Ba kokawa aka ɗauke ka yi ba."

Ozell ya gyaɗa kai. Ya san lissafin ba sai an yi masa ba. Mai shekarunsa da gwiwa irin tasa, in aka zaunar da shi a tsakiyar kakar wasa, babu ƙungiyar da za ta buga masa waya. Tsoro ya ji, tsoro sosai, irin wanda bai ji ba tun shekararsa ta farko, kuma tsoron ya koma masa haushi kafin ya dawo cikin ɗakin.

Ya tarar da Sandoval zaune ana sake naɗe masa idon sawu, yana kaɗa ɗaya ƙafar kamar mai ɗinki da keke. Ko a zaune ma yaron ba ya zama. Ozell ya tsaya a kansa, ya tare masa hasken fitila.

"Ɗan shanu, wa ke korar ka?"

"Na'am, Kawu?"

"Na ce wa ke korar ka? Na taɓa barin wani ya taɓa ka? Tambayi wancan tsohon, Whitlock, rigarsa ko wanki ba a yi mata bayan wasa. Ba ni da ido a ƙeya. Ka tsaya inda aka ce ka tsaya, in san inda kake. Kai kana can kana tara suna, ni kana yanka min wuya."

Yaron ya yi ja har kunne. Ya fara bayanin cewa ba da gangan yake yi ba, jikinsa ne ke tafiya kafin ya yi tunani, tun yana ƙarami haka aka koya masa, in ka ji zafi a bayanka ka fice. Ozell ya ce shi ba tarihin ƙuruciyarsa ya tambaya ba. Ya juya ya bar shi da baki buɗe, ya je ya zauna a gaban akwatin kayansa yana buɗe tafin hannu yana rufewa. Bai ji me yaron ya ce daga ƙarshe ba, kuma bai damu ya ji ba.

Aka koma fili. Rana ta karkata, inuwar rumfar 'yan kallo ta cinye rabin ciyawa. Ozell ya shiga da abu ɗaya a kansa, ya buɗe hannu. Ya daina kallon ƙirjin Fontenot kamar yadda aka koya masa tun farkon fari, ya koma kallon idonsa ta cikin ƙarfen hula, don idon ne kaɗai madubin da zai nuna masa bayansa. Hakan ya saɓa wa duk abin da jikinsa ya sani. Kowane wasa ji yake kamar yana sauka matakala a cikin duhu.

Yawancin zangon farko na bayan hutu ƙwallo a ƙasa aka yi ta turawa, hannu zuwa hannu, babu jifa sosai. Sau ɗaya yaron ya ɗauki ƙwallo ya gudu, amma wannan tsararren gudu ne, kowa ya san da shi tun a da'irar da suke haɗuwa su tsara kowane hari. Fontenot bai fasa surutu ba. Ya tambayi Ozell ko ya fara neman aikin sharhi a rediyo. Ya ce ya hango Tolliver yana ɗumama jiki, yaro kyakkyawa, ƙafa kamar ta barewa. Ozell ya saci kallon gefen fili, ya ga kuwa gaskiya ne.

Aka shiga zango na ƙarshe an fi su da maki kaɗan, lokaci na tafiya. Suka zo gaɓar da dole a jefa, yadi mai yawa ya rage, kuma kowa a filin har mai sayar da gyaɗa ya san jifa za a yi. A da'ira Sandoval ya faɗi tsarin da koci ya turo. Ya ɗago ya dubi Ozell kamar zai ƙara wani abu. Ozell ya kawar da kai, ya tafi wurinsa ya durƙusa.

Aka miƙa ƙwallo. Fontenot ya taso da ƙarfi, suka haɗu, Ozell ya samu ƙirjinsa daidai yadda yake so, hannu biyu a ciki, ƙafa a kafe. Ya riƙe shi tsaf, babu inda za shi. A zamanin Whitlock an gama ke nan.

Sai idon Fontenot ya zame zuwa waje. Ya karkata kafaɗa ta hagun Ozell, ya kwarma wa 'yan'uwansa, "Ya fita! Ya fita!"

Ozell ya ji rigar ta fara miƙewa a yatsunsa. Ya buɗe hannu. Ya buɗe su sarai, har ya ɗaga su sama don alƙali ya gani.

Fontenot bai je waje ba. Ya murɗa jiki ya wuce ta ciki, ta ƙarƙashin hannun da aka ɗaga masa. Ozell ya juya, kuma karo na farko a ranar ya ga abin da ke bayansa. Yaron na nan tsaye a tsakiyar aljihu, ƙafa biyu a kafe, ido a can gaba, ya ɗaga ƙwallo zai jefa. Ta hagunsa fili ne fetal, da ya so da ya isa har layin ci ba wanda ya taɓa shi. Bai motsa ba, bai ma waiwaya ba.

Ƙarar haɗuwar har benci an ji ta. Ƙwallo ta yi nata wuri, wani daga cikin 'yan layi ya faɗa a kanta. Fontenot ya miƙe yana rawa. Ozell ya duba ciyawa ta kowane gefe, don jiki ya saba, babu ƙyalle ko ɗaya.

Ya durƙusa kusa da yaron. Sandoval na kwance rigingine, ya dafe kafaɗar da yake jifa da ita, yana neman numfashi. Da ya gane fuskar da ke kansa sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Na tsaya, Kawu. Ka gani? Ban je ko'ina ba."

"Na gani," in ji Ozell.

Masu duba lafiya suka iso suka ture shi gefe. Suka taɓa kafaɗar, yaron ya cije leɓe, suka dubi juna. Suka tashe shi a hankali, hannun a manne da ciki, jama'a na tafi suna kiran sunansa yayin da ake fita da shi. Babban allon filin ya sake nuna wasan a hankali, kuma babu abin da ya fi fitowa fili kamar hannun mai lamba saba'in da huɗu guda biyu a sama.

Ozell na tsaye a inda yake sai ya hango Whitlock ya jefar da hular rana, yana sa ta kwano, yana shigowa da gudun nan nasa mai kama da na mai ciwon baya. Tun farkon kaka Ozell ke fatan ganin wannan, kuma da ya gani bai ji daɗi ko kaɗan ba. Duk da haka ƙafarsa ta kai shi wurinsa a ƙarshen layi, ya fara gyara safar hannu.

Sai ya lura Whitlock ba shi kaɗai yake tafe ba. Tolliver na gefensa yana ɗaure igiyar hula. Ya iso ya tsaya gaban Ozell, ya kasa haɗa ido da shi.

"Koci ya ce ka fito, yallaɓai."

Ozell ya dubi gefen fili. Dubrowski bai ko kalle shi ba, yana magana da manya ta na'urar da ke kunnensa. Whitlock ya zo wucewa, ya ɗan bugi hular Ozell da tafin hannu, ya shiga da'ira.

Ozell ya cire hular kwano ya riƙe a hannu. Ya yi taku biyu, ya dawo ya kama Tolliver a gwiwar hannu.

"Whitlock ba ya motsi. Yana nan inda ka bar shi. In Fontenot ya ce maka ya fita, ƙarya yake, kada ka saki."

Tolliver ya gyaɗa kai, alƙali ya hura usur. Ozell ya nufi benci. Bai zauna ba, ya wuce shi ya bi hanyar ƙarƙashin rumfa, inda aka shiga da yaron.