Ina Kumatu?

Tun kafin ruwan shayi ya tafasa Kumatu ta riga ta saka rigarta ta zuwa aji. Ta tsaya a ƙofar kicin tana buga ƙafa a ƙasa, yadda take yi idan tana so a dube ta. Da uwar ta waiwayo, sai ta gwada mata gaisuwar da Malama ta koya musu saboda baƙon yau: hannu a ƙirji, a ɗan rusuna, sannan a buɗe tafin hannu.

"Ya yi kyau," in ji uwar, da hannu. Ta yi maza ta juya wa yarinyar baya, ta kama wanke kofin da ta riga ta wanke. Kumatu kurma ce tun haihuwa, shekararta biyar, kuma abin da kunne ya hana ta ido ya ba ta da ƙari. Ba a iya ɓoye mata abin da ke fuska.

Saboda ita aka fara ajin. Da farko a falon gidan ake yi, ita da wasu yara biyu, sai Malama, wadda ita ma kurma ce, tana zuwa tana koya musu maganar hannu, iyaye mata na zaune a baya suna kwaikwayo kamar 'yan aji ɗaya. Da labari ya bazu, falo ya kasa ɗauka, mai kantin magani na bakin titi ya ara musu ɗakin da ke bayan kantinsa. Duk wannan lokaci Malama ba ta karɓar komai sai kuɗin mota, ga shi wata makaranta mai nisa tana ta kiran ta aiki. Akwai gidauniyar da ta yarda za ta ɗauki albashinta, ta kuma kawo wa yaran na'urar ji, amma da sharaɗi: sai ajin ya yi rajista a matsayin ƙungiyar taimakon jama'a, ya kuma samu takardar yafe haraji.

Maman Kumatu ce ta yi wannan zirga-zirgar. Ita ta rubuta manufar ƙungiya a kan tebur ɗin cin abinci, ita ta bi ofisoshi har masu gadi suka san ta, ita aka sa a kan gaba cikin amintattu uku da doka ta nema. Abu ɗaya ya rage, jami'in hukumar haraji ya zo ya ga aikin da idonsa.

Sai a makon jiya lauyan da ke taimaka musu kyauta, ƙanin ɗaya daga cikin iyayen, ya tsayar da ita a bakin ofishinsa yana sosa ƙeya.

"Anti, akwai wani abu da ya kamata in faɗa miki tun farko, ni ma ya shige mini. Amintacce ba ya cin moriyar ƙungiya, shi ko iyalinsa. In jami'in ya ga 'yarki a ajin, zai iya rubuta cewa gidanki kika kafa wa."

"Ai don ita na fara. Wa bai sani ba?"

"Shi bai sani ba. Hanya biyu ce. Ko ki cire sunanki daga amintattu, a nemo wata, a sake shigar da takardu, wannan kuwa zai ja lokaci. Ko kuma..." Ya dubi takalminsa. "Yini ɗaya ne, Anti. Ni dai ban ce miki komai ba."

Ta yi ta juya maganar a ranta. Malama ba za ta yi ta jira har abada ba. Kuma, in za ta gaya wa kanta gaskiya, ba ta son ta miƙa wa wata abin da ta raina da hannunta. Yini ɗaya ne. Haka ta yi ta maimaitawa har ya fara kama da magana mai hankali.

A mararrabar da suka saba karyawa dama, ta ja hannun yarinyar suka yi hagu. Kumatu ta turje, ta nuna hanyar aji da hannu biyu.

"Wurin Inna za mu fara zuwa," uwar ta ce mata. "Aji sai an jima."

Inna, yayar uwar, tela ce, shagonta ɗan ƙarami, cike da yadi da ƙarar keke. Tana ganinsu ta cire allurar da ke bakinta.

"A'a, Shugaba da kanta a shagon talaka? Yau kuwa zan ƙara kuɗin ɗinki."

"Yaya, don Allah ba yau ba. Ki riƙe min ita zuwa azahar."

"Ba yau ne babban baƙonku ba? Yarinyar da ta ishe mu da rusunawa, har kyanwar maƙwabta ta gaisar?"

Ta ba ta labari a taƙaice, tana magana ta gefen baki don kada Kumatu ta kama wani abu. Yaya ta daina dariya. Ta dubi yarinyar, ta dubi ƙanwarta.

"To ita me kika ce mata?"

"Na ce an jima."

"Kuma za ki zo an jiman?"

 Uwar ta durƙusa ta gyara wa Kumatu wuyan riga wanda babu abin da ya same shi, ta fita da sauri. Ba ta waiwaya ba, don ta san idanun nan suna bin bayanta ta cikin gilashin shagon.

A aji kowane yaro yana da kujerarsa, da hoton da ya zana da kansa a manne a bayanta. Uwar ta riga kowa zuwa. Ta ɗauki kujerar Kumatu ta kai ɗan siton da suke ajiye tsintsiya da bokiti, ta matsa sauran don su rufe gurbin. Tana cikin haka Malama ta shigo, ta ajiye jaka, ta kama kumatunta da yatsu biyu, wanda shi ne sunan yarinyar a maganar hannu, sannan ta juya tafi sama. Ina Kumatu?

"Zazzaɓi," in ji uwar.

Malama ta dube ta, sannan ta ce Allah ya sawwaƙe, ta tafi goge allo.

Jami'in ya zo da hantsi. Dattijo ne mai furfura a gemu, yana ɗan ɗingishi, jakarsa ta sha jiki. Ya ƙi kujerar manya da aka tanadar masa, ya zauna a kan ta yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yaran suka tuntsire da dariya. Suka miƙe suka yi masa gaisuwar, ta fito daidai. Ya duba inda suke ajiye takardu, ya tambayi wa ke riƙe makulli, wa ke sa hannu idan za a sayi alli, ko akwai wanda ake karɓar wani abu a hannunsa kafin ɗansa ya shiga. Uwar ta amsa duka ba gargada, domin duka gaskiya ne.

Sai wata yarinya a layin gaba, ƙawar Kumatu ta kusa, ta ja hannun rigarsa. Ta kama kumatunta, ta juya tafi sama. Na kusa da ita ya yi haka shi ma, sai na bayansa. Ga baƙo babba ya zo, wataƙila shi ya san inda aka kai ta, ita da kujerarta.

"Ikon Allah," in ji jami'in yana murmushi. "Haƙori ke musu ciwo gaba ɗaya? Me suke cewa, Shugaba?"

Duk ɗakin uwar kaɗai ce ke jin harsunan biyu. Yaran suka zuba mata ido, suna jira ta isar musu da saƙo kamar yadda ta saba yi a asibiti da wurin mai kanti.

"Marhabin suke maka, Yallaɓai."

"Madalla." Ya kama nasa kumatun, ya juya tafi sama, ya yi wa yaran, ya juyo ya yi mata ita ma. Yaran suka dubi juna. Ƙawar Kumatu ta koma ta zauna a hankali.

Da ya tashi tafiya ya tsaya a bakin ƙofa yana murza gwiwarsa.

"Ke kuwa a ina kika ƙware haka?"

"Wurin Malama na koya."

"Allah ya saka miki. Ba kowa ke ɗaukar wahalar 'ya'yan wasu ba." Ya rataya jaka. "Zan rubuta abin da na gani, kuma abin kirki na gani. Sai dai ki sani, daga yau ba ma sanarwa. Ni ko wani abokin aikina, duk ranar da muka bi ta nan za mu leƙo. Kada ki ce rashin yarda ne. Na taɓa zuwa wata ƙungiyar marayu, na tarar marayun duk suna kiran shugaban Baba, kuma ba ƙarya suke ba, shi ya haife su."

Ta yi dariyar da ya kamata a yi. Ta raka shi har titi, ta tsaya ya hau mota. Duk ranar da muka bi ta nan. Ashe ba yini ɗaya ba ne. Gobe ma yini ne, jibi ma haka, kuma kowace safiya za ta iso mararrabar nan riƙe da hannun 'yarta tana lissafin hagu ko dama.

Ta koma ta tarar Malama ta raba wa yara takardun zane, ta fito ta tsaya a ƙofar sito, ƙofar a buɗe. Hannayen Malama suka yi magana a hankali, ƙasa-ƙasa, don kada yara su gani.

"Na ga bakinki. Ba abin da suka ce kika faɗa ba."

Uwar ta fara bayani. Doka, amintattu, gidauniya, albashinki. Yatsunta suka sarƙe, ta sake farawa. Malama ta bar ta har ta gama.

"Da kin gaya mini tun da safe, wataƙila da na ce kada ki yi, wataƙila kuma da na yi shiru. Ban sani ba. Amma yaran nan ke suke kallo idan mai ji ya buɗe baki. Ni ma ke nake kallo. Yanzu in likita ya yi magana kika juya mini, ta yaya zan sani?"

 Uwar ta shiga siton ta ɗauko kujerar, ta kakkaɓe ƙurar da ba ta kai ga hawa ba, ta mayar da ita wurinta a gaban yaran duka. Ta tsaya inda kowa zai gan ta.

"Kumatu lafiyarta ƙalau. Ni na kai ta wani wuri. Kun tambayi baƙo, ban gaya masa tambayarku ba. Ban kyauta ba."

 Ɗaya daga cikin yaran ya tambaya ko gobe za ta zo, ta ce za ta zo, suka koma zanensu.

A bayan kantin magani ta kira lauya.

"Ka cire sunana. A nemi wata cikin masu zuwa taimako, wadda ba ta da ɗa a ajin."

"Anti, ai an gama. Mutumin nan ya ce zai rubuta mai kyau, ko ba haka ba?"

"Zan je ofishinsa da safe in gaya masa ina da 'ya a ciki."

"Kin san zai iya ɗaukar abin da zafi? Ko bai ɗauka ba, sai an sake bin layi daga farko. Gidauniyar kuma ban san ko za ta jira ba."

"Na sani."

Da ta faɗa wa Malama, Malama ba ta rungume ta ba, ba ta kuma ce komai zai yi daidai ba. Ta ce waccan makarantar ta ba ta zuwa ƙarshen zango ta ba da amsa, za ta kai har lokacin, daga nan ba ta yi alkawari ba. Uwar ta gyaɗa kai. Yaran da ke zane a ɗakin nan, su ma yanzu ta sa su cikin rashin tabbas, kuma ta san iyayensu za su tambaye ta dalili, wasu ba za su yi mata ta daɗi ba.

Azahar ta gota kafin ta isa shagon. Yaya ta ɗago kai daga keke, ba zolaya wannan karon, ta nuna ƙarƙashin teburin yanka da haɓa.

"Tun da ta ga yaran makarantar gaba sun tashi ta shige can. Na ba ta abinci ta ƙi. Ni kuma hannuna bai iya rarrashi ba, abin da na iya kawai zo, tafi, da ci."

Uwar ta durƙusa ta leƙa. Kumatu na zaune a kan tarin ƙyallaye, ta rungume gwiwoyi. Ta ga uwarta. Uwar ta ɗaga hannu za ta fara magana, sai yarinyar ta runtse ido, ta matse su gam.

Ta taɓa mata ƙafa, yarinyar ta janye. Ta buga ƙasa da tafi yadda za ta ji a jikinta, idanun suka ƙara matsewa. Babu wata ƙofa kuma. Da mai ji ce, da ko ta toshe kunne wata kalma za ta kutsa.

"Ki ɗauko ta mana, ku tafi gida, za ta huce," in ji Yaya.

"Bar ta, Yaya. Ci gaba da aikinki."

Ta cire takalmi, ta sunkuyar da kai ta shiga ƙarƙashin teburin, ta zauna a ƙasa daidai inda idon yarinyar zai fara sauka. Keken ya ci gaba da tafiya a gefensu, zare na faɗowa kaɗan-kaɗan. Ta ɗora hannayenta a kan gwiwa, a buɗe, tana jira.