Matar da Ba Ta Iya Dafa Ruwa Ba

Gidan ba babba ba ne. Ɗakuna uku a ciki, ɗaki ɗaya a baya kusa da famfo, sai ɗan shago a bakin titi inda tsohon yake gyaran jakunkuna da takalma. Da ya rasu ya bar matarsa, wadda kowa ke kira Kaka, da 'ya'yansa da suka yi aure suka watse, babbansu shi ne Baffa. A ɗakin baya kuma akwai jikarsa, yarinya 'yar aji uku, ita da mahaifiyarta.

Abin da waɗannan biyun suka rasa shi ne rabo. Mahaifin yarinyar ya riga tsohon rasuwa, don haka ba ta cikin magada. Idan aka sayar da gidan aka raba, ita da uwarta za su kwashe kayansu, kuma ba su da inda za su kai su.

Hanya ɗaya ta rage. Tsohon ya rubuta wasiyya. Mai askin da ke maƙwabtaka da shagon ya sa hannu a kanta, kuma shi ne ya je duba tsohon a asibiti ya ji daga bakinsa cewa takardar tana hannun matarsa. Sai dai Kaka ta ce ita ba a ba ta komai ba.

An zazzage akwatinta, an ɗaga katifa, an leƙa bayan madubi da cikin gwangwanayen zare. A shago an bi takalman da masu su ba su zo karɓa ba, ɗaya bayan ɗaya. Ba a samu ko guntun takarda ba.

"Inna, ki ƙara tunawa," in ji Baffa. "Shekaru sun ja, mantuwa ba laifi ba ce."

"Kai da na yaye ka kake gaya min mantuwa? Na san ranar da haƙorinka na farko ya fito."

Baffa ba mugu ba ne. Ya dai gaji da zirga-zirga, ga 'yan'uwansa suna ta kiransa a waya. Kotu kuma ta sa rana, ta ce in ba a kawo wasiyyar ba za a raba gidan yadda yake.

Ranar ta zo, jami'in kotu ya iso da rana tsaka don ya duba kayan marigayin a rufe magana. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kira mai aski. Mahaifiyar yarinyar ta zauna can gefe, ta riga ta ɗaure kwanukanta a zani tun da safe. Ana cikin haka yarinyar ta dawo daga makaranta, ta gaida mutane, ta raɓa jikin uwarta, jakarta na bayanta.

Jami'in mutum ne mai haƙuri. Ya dubi mai aski ya ce, "Malam, ina son maganar marigayin kamar yadda ta fito daga bakinsa. Kada ka gyara min ita."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, ai na faɗa. Cewa ya yi tana hannun matarsa."

"Iyakar abin da ya ce ke nan?"

"Akwai ɗan ƙarashe, amma ba shi da amfani. Zafin ciwo ne."

"Bari mu ji."

Mai aski ya saci kallon Kaka, ya sunkuyar da kai. "Uwargida, ki yafe min, ba ni na faɗa ba. Cewa ya yi, tana hannun matata, wadda ba ta iya dafa ko ruwan zafi ba. Ni kuwa na ga bai dace in kawo wannan gidan makoki ba, sai na yanke shi."

Baffa ya kawar da kai. Kaka ta gyara zama.

"Ni?" ta ce. "Mutumin da ya tsufa yana suɗe kwanona?"

Sai idonta ya faɗa kan yarinyar. A hankali fuskarta ta saki, kafaɗunta suka fara rawa, dariya ta ƙwace mata har da hawaye. Tun rasuwar ba wanda ya ji dariyarta.

"Ku duk kun zauna kuna ta kwance min akwati," ta ce, tana share ido da gefen mayafi. "Wa tsohon nan yake kira matarsa a gidan nan in ba waccan mai jaka ba? Kullum ta wuce shago sai ya ce, ga matata da ba ta iya dafa ruwa ba, ita kuma ta ce ba ta son tsoho mai furfura." Ta miƙa hannu. "Zo nan, amaryar marigayi. Me mijinki ya ba ki?"

Yarinyar ta ƙanƙame igiyar jakarta. "Ba komai, Kaka. Jaka kawai ya ɗinka min. Ya ce ajiyarsa ce, kada in bari ruwa ya taɓa ta, kada kuma in ba kowa aro."

"Kin bari ruwa ya taɓa ta?"

"A'a. Ranar da aka yi ruwan sama a cikin rigata na sa ta."

Jami'in ya nemi izininta kafin ya taɓa jakar. Ta fitar da littattafanta, ya danna ƙasan jakar da yatsa, ya ji tauri. Baffa ya zaro aska, yarinyar ta yi wuf ta janye jakar.

"Kada ka yanka, Baffa."

"Mayar da askarka," in ji Kaka. Ta aika aka ɗauko mata basillar tsohon daga shago. Ta ɗora jakar a cinya, ta riƙa warware ɗinkin zare bayan zare, tana mita. "Dubi ɗinki kamar na ƙofar kurkuku. Ni rigata ta yage wata da watanni bai taɓa ta ba."

Tsakanin fata da fata, a cikin leda, takardar ta fito a bushe.

Jami'in ya nuna wa mai aski sa hannunsa, mai askin ya ce nasa ne, sa hannu na biyu kuma na mai shagon magani ne da ke ƙarshen layi. Sannan ya karanta a fili. Tsohon ya bar wa jikarsa ɗakin baya da shagon, a riƙa ba da shagon haya don karatunta. Jami'in ya ce a ganinsa wannan bai kai kashi ɗaya cikin uku na dukiyar ba, kuma kotu za ta tabbatar idan shaidun biyu sun bayyana.

Kowa ya dubi Baffa. Ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallon rubutun mahaifinsa.

"Hannun Baba ne," ya ce. "Ni zan kai shaidun da kaina." Ya juya wajen matar ƙaninsa. "Ki kwance kwanukan nan, ba inda za ki."

Ita kuwa sai ta jawo 'yarta ta rungume. Mai aski ya miƙe yana karkaɗe riga, yana cewa daga yau ko zagi aka ba shi saƙo zai isar da shi cikakke.

Da yamma Kaka ta zauna a bakin famfo ta mayar da ɗinkin jakar. Nata bai kai na tsohon kyau ba, amma ya riƙe. Yarinyar ta zuba littattafanta, ta rataya jakar a ƙusar ɗakin baya inda take rataye ta kullum.

A ranar ta gane cewa kakanta bai manta da ita ba, kuma ita ya zaɓa ya ba ajiyar domin ya san za ta riƙe.