Allon Kabarin Mboje

Tun kwale-kwalen mai inji bai gama tsayawa ba Shaame ya ji a jikinsa ba alheri ya kawo shi ba. Yana gindin kwakwa yana ɗinkin tarunsa ya hango mai gari ya tattare riga ya shiga ruwa don taryar baƙi, abin da ba ya yi sai in gwamnati ce ta zo. Mutum biyu suka sauko, wani namiji mai jaka a kafaɗa da wata gajeruwar mace fara, ta yane kanta da mayafi, takalmanta a hannu.

Ba a jima ba sai ga Pandu, ƙanin marigayiya matarsa, yana haki.

"Mijin yaya, ka ga mutanen can? Allon nan suke nema. Wai na jirgin saman nan ne da ya ɓace da mutane, wanda rediyo ya ishe mu da maganarsa."

Shaame bai ɗago ba. "To?"

"To me? Ka kama bakinka, shi ke nan. Na bi gida gida na gaya wa kowa. Teku ce ta kawo, teku ce ta mayar. Ka ji ni ko?"

"Ina jin ka. Tofa min yawu kake yi a taru."

Allon da ake magana Mboje matar Shaame ce ta tsinto shi, shekarun baya, ranar da ruwa ya janye ta shiga gonarta ta ciyawar teku. Fari ne, ya fi mutum tsawo, ga faɗi, amma ba nauyi, mace ɗaya ta jawo shi har gida. A tsibirin nan abin da teku ta tofo na wanda ya fara gani ne, babu mai tambaya. Ta kankare ƙazantar jikinsa ta mayar da shi wurin shanya, tana fariya da shi a gaban mata wai ko rairayi ba ya taɓa ciyawarta.

Da ajalinta ya zo kuma, sai ya zo a tsakiyar iskar damina, lokacin da ko mahaukaci ba zai tura kwale-kwale zuwa birni ba. Aka yi wanka, aka yi sutura, aka nemi kiunza, katakon da ake rufe ƙaramin ramin kabari da shi kafin a zuba ƙasa, aka rasa. Shaame da kansa ya je ya ɗauko allon shanyar. Ya ce ai ma gwamma shi, gara ba ta cinsa, ba ya ruɓewa, ƙasa ba za ta taɓa rufta wa Mboje ba. Kowa ya ce ya yi dabara, har liman ya sa masa albarka.

Da baƙin suka iso cikin gari, aka buga ƙarfen makaranta, gari ya taru a gindin mangwaro. Mai jakar ya ce sunansa Lyimo, daga hukumar da ke kula da jiragen sama. Ya zaro wani babban hoto ya ɗaga, ya ce wani malami da ya taɓa koyarwa a nan ne ya ɗauka, ya sa a waya, har ya kai ga idon masu bincike. Shaame ya duba. Mboje ce, tsugune, tana dariya da wushiryarta, hannunta cikin ciyawa, farin allon a gabanta. Bai taɓa sanin akwai hotonta a duniya ba.

"Wannan allon muke nema," in ji Lyimo. "Kun ga rubutun nan a gefensa? Bai fito sosai ba. In muka karanta shi za mu san ko daga jirgin yake. Wa ya san inda yake?"

Mutanen tsibirin nan dai ba su iya riƙe magana ba. In akuya ta haihu a gabas, kafin ta lashe ɗanta an ji a yamma. Amma ran nan sai ka rantse kurame aka tara. Wannan na kallon sama, wancan na sosa ƙafa.

"Ranka ya daɗe, ai tuni teku ta ɗauke abinta," in ji Pandu. "Wata ambaliya aka yi."

"Ita matar da ke hoton fa?"

"Ta rasu. Yayata ce."

"Allah ya ji ƙanta. Ba ta bar miji ba?"

Duk idanu suka kauce wa Shaame lokaci guda, kuma wannan kaucewar ce ta nuna shi. Lyimo ya juyo. Shaame ya sunkuyar da kai. Ya san abin da zai biyo baya in ya buɗe baki: za a tone Mboje.

"Baba, kai ne mijinta?"

"Ni ne."

"Ka san inda allon yake?"

"Ka ji abin da surukina ya ce."

Lyimo ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi ajiyar zuciya ya fara mayar da hoton cikin jaka. Sai baƙuwar ta dafa jakar. Ta yi sallama, sallama sosai irin ta Musulmi, har jama'a suka amsa ba shiri. Ta shiga magana da Turanci a hankali, Lyimo na juya musu.

"Ta ce sunanta Rohana, daga wata ƙasa can gabas da tekun nan. Mijinta na cikin jirgin. Ta ce ba gawa take nema ba, ta daɗe da cire rai da wannan. Danginta sun ce ta yi takaba ta huta, hukuma ma ta ba ta takardar shaidar mutuwarsa, amma ta kasa. Ta ce yaya za ta zauna takabar mutumin da ba wanda ya ga inda ya faɗi? In ta cire kayan adonta sai ta ga kamar ita ta kashe shi. Har yau in an taɓa ƙofa sai ta miƙe. Ta ce ita ba matar aure ba, ba bazawara ba, kuma ta gaji."

Wata tsohuwa a bayan taron ta ce, "Wayyo, 'yar nan." Pandu ya watsa mata harara.

Baƙuwar ta ƙara wata magana, wannan karon idonta a kan Shaame.

"Ta ce, Baba, matarka kyakkyawa ce. Ta ce kana zuwa wurinta?"

"Duk Juma'a," in ji Shaame. Bai san lokacin da ya faɗa ba.

Ta gyaɗa kai, ta yi ɗan murmushi. Wannan murmushin ne ya karya shi. Tausayinta ya kama shi, haushin kansa ya kama shi, ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba. Shi yana da tudun ƙasar da zai je ya zauna ya yi ƙorafin ciwon gwiwa. Ita kuwa ta ƙetaro teku guda da takalmi a hannu.

"Yana kabarinta," ya ce. "Da shi muka rufe ta."

Wuri ya kaure. Pandu ya yi kansa sai da aka riƙe shi.

"Ka haukace? Tsufa ne ya taɓa maka kai? Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya! Wallahi duk wanda ya sa shebur a kabarin nan sai dai ya haɗa da ni!"

Da Lyimo ya juya wa Rohana abin da aka ce, sai ta toshe baki da hannu biyu, ta shiga girgiza kai tana ja da baya.

"Ta ce a'a. Ta ce ba ta sani ba, a yafe mata, a bar baiwar Allah ta kwanta." Lyimo ya goge goshi. "Ni ma, Baba, in gaya maka gaskiya, ba ni da ikon tilasta maka. Kuma ka sani, mai yiwuwa a tona a ga ba na jirgin ba ne."

Da a nan aka tsaya, da kowa ya koma gida da mutuncinsa. Amma Shaame mutum ne mai taurin kai, Mboje ta sha faɗa masa haka tana raye. Ya juya wajen liman.

"Malam, ya halatta ko bai halatta ba? Kar ka kewaya da ni."

Liman Ussi ya daɗe yana jan gemu. "Abu ne mai nauyi, Shaame. Amma in haƙƙin wani na cikin kabari, malamai sun ba da dama. Sai dai a tsaya a kan allon. Kada a taɓa ta, kada ido ya gan ta, kuma a mayar mata da wani a take."

"Gobe zan aiko da katako daga birni," in ji Lyimo, "da masu haƙa."

Shaame ya ce, "Ba baƙon hannun da zai taɓa wurin. Kuma in na kwana da maganar nan ba zan iya ba."

Ya wuce gida, jama'a na bin sa a baya. Ya ɗauki guduma ya fitar da ƙusoshin kyauren ɗakinsu, ya ɗora shi a ka, ya saɓi shebur. Mata suka tsaya a tsakar gidan tare da baƙuwar, don mace ba ta zuwa maƙabarta. Maza suka bi shi har bakin shinge, daga nan ƙafafunsu suka ƙi gaba, sai liman kaɗai ya shiga.

Shaame ya yi wa Mboje sallama. Ya ce, "Ki yi haƙuri, aro zan yi. Wata ce ta zo, ta fi mu bukata." Sannan ya kafa shebur.

Rana ta take, gumi na shiga masa ido. Da ramin ya kai ƙugu, kowane sara yana jin kamar a ƙirjinsa yake sauka. Ya ajiye shebur ya koma yaɓe ƙasa da hannu, don tsoron kada ƙarfe ya wuce inda aka yarda. Yana cikin haka inuwa ta rufe shi. Ya ɗaga kai ya ga an shimfiɗa zane a saman ramin, yadda ake yi wa mace ranar binnewa. Liman na riƙe da gefe guda, Pandu na riƙe da ɗayan, fuskarsa a juye, hawaye na bin gemunsa.

"Yi sauri, tsohon banza," in ji Pandu. "Hannuna ya gaji."

Yatsunsa suka taɓa santsin allon. Ya share shi a hankali har gefunansa suka fito. Aka miƙo masa kyauren, ya jingina shi a bayan allon, ya runtse ido gam, ya zare ɗaya ya tura ɗaya. Bai buɗe ido ba sai da ya shafa ya ji ko'ina ya rufu. Suka mayar da ƙasa su uku, liman ya yi addu'a.

Shi da Pandu suka ɗauko allon har tsakar gida suka kwantar a gaban mutane. Lyimo ya tsuguna, ya zuba ruwa a gefen da rubutun yake, ya goge da hannun rigarsa. Ya karanta, ya duba wayarsa, ya sake karantawa. Shaame ya zuba masa ido. In mutumin nan ya ce ba shi ba ne, da wane ido zai sake zuwa ran Juma'a?

"Sai an kai shi an gwada kafin hukuma ta yi magana," in ji Lyimo, muryarsa ƙasa ƙasa. "Amma na irin wannan jirgin ne. Kuma babu wani irinsa da ya ɓace a tekun nan."

Ya juya ya faɗa wa Rohana. Ta durƙusa ta ɗora tafin hannunta a kan allon, ta daɗe a haka. Sannan ta kai hannu cikin mayafi ta cire 'yan kunnenta, ta zare zoben hannunta, ta miƙa wa tsohuwar da ke kusa da ita. Babu wanda ya nemi a juya masa wannan.

Matan suka kama ta suka shige da ita ɗakin Mboje. Shaame ya zauna a ƙasa, hannuwansa duk jar ƙasa, Pandu ya zauna kusa da shi. Da yake ɗakin ba kyaure, duk wanda ke tsakar gidan ya ji kukanta.