Hannun Hagun Preben

"Preben, hagunka, bayan motar nan," in ji Maibritt, idonta kafe a kan allon kwamfuta.

A cikin wasan yaƙin da suke bugawa ta intanet, sojan Preben ya juya dama. Ya kwasa da gudu ya daki katanga, ya ci gaba da tura ta da goshi har abokan gaba suka zagayo suka harbe shi ta baya. Maibritt ta rarrafa don ta tashe shi, domin ita ce mai jinyar ƙungiyar, aka kwantar da ita a kansa. Asger, na ukunsu, ya yi ta maza shi kaɗai har harsashinsa ya ƙare.

Preben ya ba su haƙuri da wata murya mai nauyi, ya ce ya gaji, ya fita daga wasan.

Asger kuwa dama a cike yake. Mai dafa abinci ne a wani otal a Aarhus, ya saba da ihu. Ya ce tun da tsohon nan ya dawo daga hutun da ya ce ya tafi wurin 'yarsa, ko ƙofa ba ya iya shiga sai ya yi karo da bango. Gobe Lahadi ne zagayen farko na gasar da suka shekara suna shiri. Akwai wani abokin aikinsa da hannunsa yake da sauri, a shirye yake ya maye gurbin.

"Ke ce shugaba," ya ce. "Ke za ki faɗa masa. Ni in na buɗe baki ɓatawa za mu yi."

Maibritt ta cire lasifikar kunnenta. Shekarunta hamsin da wani abu, a kantin magani take aiki a Aalborg, kuma tun da mijinta ya bar gidan babu abin da take jira a mako kamar yammacin Asabar. Preben ne ya koya mata wasan. Ranar da suka fara haɗuwa a filin wasan, ita ko bindiga ba ta iya ɗurawa ba, wasu yara suna ta zaginta, shi ne ya tsaya a gabanta yana kare ta, yana gaya mata a hankali inda za ta sa ƙafa. Shekaru sun wuce ba ta taɓa ganin fuskarsa ba. Ta dai san tarinsa, ta san tsohon direban jirgin ƙasa ne, ta san ƙarar butar shayinsu.

Ta fara rubuta masa saƙo, ta goge. Washegari ta sa rigar sanyi, ta biya gidan burodi ta sayi kek mai kirfa, ta hau jirgin ƙasa zuwa Randers, garin su Preben. Adireshin yana wurinta tun bara da ta aika masa kyautar Kirsimeti.

Wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai gajeren farin gashi ta buɗe ƙofa. Maibritt tana yin gaisuwa, matar ta dafe ƙirji.

"Ke ce Maibritt. Muryarki takan fito ta abin kunnensa in kina faɗa. Ni ce Bodil, matarsa. Shigo, amma ki sani zai ji haushi."

Preben yana zaune a falo gaban kwamfuta, ƙato ne, kafaɗunsa sun cika kujera. Gefen bakinsa na hagu ya ɗan zube. Hannunsa na hagu yana kwance a cinya, yatsun a dunƙule. Kusa da shi an jawo wata kujerar kicin, an matso da madannan kwamfutar gabanta, an manna wa huɗu daga cikinsu jan tef.

Ya dube ta, ya dubi kek ɗin. "Kin zo kora ta ke nan. Har da toshiyar baki."

Bodil ta kawo kofi, ita ta ba da labarin, shi yana kallon taga. Babu wata 'ya da ya je wa hutu. Shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi a lambu, ya yi makonni a asibiti. Da ya dawo gida ya daina magana, ya daina aski, abinci ma sai ta yi da gaske. Wata Asabar ta same shi ya kunna wasan, hannun dama a kan linzamin kwamfutar, yana kallon sojansa tsaye ƙiƙam don babu hannun da zai tafiyar da shi. Sai ta jawo kujera ta ce ya nuna mata abin da ake dannawa.

Tun daga ranar ita ce ƙafafunsa. Shi yana saiti yana harbi, ita tana tafiyar da sojan. Ba ta jin abin da su Maibritt suke faɗa sosai, tun da lasifikar tana kunnensa, shi kuma ba zai yi mata magana ba don kada a gane. Da gwiwa yake zungurinta.

"Sau ɗaya hagu, sau biyu dama," in ji Bodil. "To in aka buɗe wuta, mutumin nan duka yake kai mini kawai. Dubi ƙafata, duk ta yi shuɗi."

Maibritt ta ɗan yi dariya. Ta tambayi Preben me ya hana shi faɗa musu. Ya ce maƙwabta suna yi masa magana kamar jariri, likita ma Bodil yake tambaya yadda ya kwana alhali ga shi zaune. A cikin wasan ne kaɗai ake zaginsa kamar mai lafiya.

"Jiya Asger ya ce mini tsohon buhun dankali," ya ce. "Rabon da in ji daɗi haka tun kafin in kwanta."

Dokar gasar a bayyane take, kuma dukansu sun san ta: soja ɗaya, mutum ɗaya. Preben ya ce ta sa abokin Asger ɗin, shi ba zai riƙe ta a zuciya ba. Maibritt ta ce ba shawarar mutum biyu ba ce, su uku ne. Ta nemi izninsa ta kira Asger ta bidiyo. Ya ɗaga kafaɗarsa mai lafiya.

Asger ya ɗauka yana tsaye a bayan kicin ɗin otal, sigari a hannu. Ta juya wayar ta nuna masa kujerun biyu, da jan tef ɗin, da hannun Preben. Ta faɗa masa komai a taƙaice, ta ce ita dai ba za ta shiga gasar ba tare da Preben ba, amma ba za ta tare shi ba in yana so ya nemi wasu. Fuskar Asger ta yi ja har kunne, sai ya kashe wayar.

Suka ci kek ɗin. Bodil ta kwashe kofuna. Maibritt ta duba lokacin jirgi, tana ɗaura gyalen wuyanta ke nan kwamfutar ta yi ƙara. Asger ne ya shigo wasan, yana gayyatar Preben. Preben ya mayar da sautin kan lasifikar tebur.

Asger ya ce ya roƙi wani ya riƙe masa aiki na ɗan lokaci. Ya ce ya cire sunansu daga gasar, kuma kada wanda ya yi masa godiya, don har yanzu haushinsu yake ji, su duka.

"Kai tsohon buhu, wata nawa kana barina ina zagin matar mutane ban sani ba? Bodil, kina ji na?"

"Ina jin ka, ɗan nan. Bakinka ba shi da kyau."

"Haka kowa yake cewa. Ki karɓe abin kunnen nan daga wurinsa. Ke ce mai ƙafa, ke ya kamata ki riƙa jin inda ake tahowa. Shi harbi kawai zai yi, ba ya bukatar kunne."

Maibritt ta kwance gyalen ta jawo kujera ta uku. Preben ya ɗauki lasifikar da hannu ɗaya ya yi ƙoƙarin ɗora wa matarsa, ta karkace, Maibritt ta gyara mata ɗaya ɓarin. Ta yi wa Bodil girma, sai da aka tsuke ta. Jirgin sama ya zubar da sojoji a kan tsibiri, nasu ya sauka a bakin wani daji. Bodil ta ɗora yatsunta a kan jan tef, amma ba ta danna ba. Ta karkata kai tana saurare.

"Mu tafi mana," in ji Preben a fili, karon farko ba da gwiwa ba.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Ashe har tsuntsaye suna kuka a ciki. Ba ka taɓa faɗa mini ba."