Amfilifayar Baba a Gonar Shinkafa

Shekara takwas muna ɗora buhun gero a kan wani baƙin akwati a gidanmu na Gashuwa, ba wanda ya san amfaninsa. Da tsuntsayen jan-baki suka addabi shinkafata a Dagona, na lura yana da lasifika. Na ce to, ya zo ya taya ni ihu, maƙogwarona ya gaji.

Na kai shi Nguru wurin Aondona, wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya daɗe yana shafa wata ƙunar sigari a saman akwatin.

"Amfilifayar jita ce, mai kaurin sauti," in ji shi. "Ke 'yar Madu ce? Tare muka yi kiɗa a kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa."

Raina ya ɓaci. Marigayi Baba da ya hana mu ko kunna rediyo?

Ya haɗa mini ita da batirin mota da tsohuwar rakoda, ya ba ni kaset ɗinsu. Ya ce wannan kiɗan ba zai kori tsuntsu ba, in nemi kaset mai kukan shaho.

Da hantsi na kunna kaset ɗinsu a bakin gona. Yatsun Baba suka fara tafiya a hankali a kan jita, ƙasa tana motsi ƙarƙashin ƙafata. Jan-baki suka sauka, ko a jikinsu.

Na zauna ina kallo suna ci. Da kaset ya ƙare, na juya shi.