Kyandir a Cikin Silin

Ɗana injiniya ne, ko ban faɗa ba shi zai faɗa muku. Da na sayi injinan ƙyanƙyashe ƙwai guda uku, shi ya miƙe ƙafa a falo ƙarƙashin fanka ya lissafa kaurin wayar da za ta ɗauko wuta daga mita zuwa ɗakin injinan.

Yayana kuwa, wanda ya shekara talatin yana aikin wayarin, tsani ya hau ya kafa kyandir a cikin silin, inda wayar za ta bi. Da rana tsaka ya sauko da shi a lanƙwashe kamar lauje.

Ya ce wa ɗana, "Littafinka da zafin digiri talatin ya yi lissafi. Ƙarƙashin kwanon nan ya kai hamsin, kuma a zafin nan wayar sai ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta. Ka ƙara kauri."

Ɗana ya ɗaga salularsa. "Kawu, ga shi nan, talatin da ɗaya. Kimiyya ba ta aiki da kyandir."

Salular dai ba ta taɓa leƙa silin ba, mai ita ma haka. Amma ni, uwar injiniya, na fi kowa dariya. Na ce Yaya ya bar wa masu digiri harkar digiri. Ya ɗauki tsaninsa ya tafi.

Ƙwai dubu biyu na zuba, iyakar abin da na mallaka ke nan. Saura kwana uku su ƙyanƙyashe, rana ta buɗe wuta, sai ga warin roba har tsakar gida. Wayar ta narke ta haɗe, ta tafi da mitar. Kwana biyu injinan suna kallona ina kallonsu, injiniya yana min lacca a kan ɗumamar yanayi.

Yaya ne ya zo ya ja waya mai kauri. Da ya zage ni da na ji sanyi. Ya leƙa kwalin 'yan tsakin da suka rayu, su bakwai, ya ce, "Barka da arziki, ƙanwata."

Ya bar min lanƙwasasshen kyandirin a kan tebur. Na yi kuka ranar, kuma ba don ƙwan ba ne.