Ƙamshin Lemo a Hannuna

Ni na zaɓi lemo, ba wanda ya sa ni dole.

Ana saura kwana shida a yi wa maigidana dashen ɓargo aka fara ɗura masa maganin ciwon daji mai ƙarfi a asibiti. Ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Nas ɗin ɗakin ta kawo kwalabe uku na man ƙamshi: na'a-na'a, citta da lemo. Ta ce a ɗiga a auduga, ya shaƙa duk lokacin da zuciyarsa ta tashi.

"Baiwar Allah, ki ɗauki wanda bai saba da shi ba," in ji ta. "Hanci ba ya mantuwa."

Na ce a raina, ke kika san shi ko ni? Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana fere lemo a bakin tasha, me zai kwantar masa da rai kamar ƙamshin teburinsa? Na ɗauki lemo, har da hararata.

Ya ɗan taimaka kuwa. Sati huɗu ina gefen gadonsa, roba a hannun hagu, auduga a dama. Ya yi amai ya shaƙi lemo, ya shaƙi lemo ya yi amai.

Dashen ya kama, aka sallame mu. Da ya sami ƙarfi ya ce zai leƙa teburinsa. Tun daga nesa da ƙamshin ya buge shi ya durƙusa a bakin kwata, yana kakari kamar hanjinsa zai fita. Likita ya ce jikinsa ya haɗa ƙamshin da wahalar, wataƙila ya wuce, wataƙila a'a.

Baki ba ya jiran mai jinya ya warke. Na karɓi wuƙar, na zauna a teburin. Yanzu ni ce lemon. Yana cikin faratana, yana cikin gashina. Na yi wanka, na sake, na canza sabulu, duk a banza. In na shigo ɗaki sai ya juya fuska bango, yana ba ni haƙuri. Haƙurin nan ya fi komai ci mini rai.

Jiya da la'asar ina zaune a bakin ƙofa, inda na saba tsayawa yanzu, ya kira ni.

"Uwar yara, matso."

"Za ka yi amai."

"Na ce matso."

Na matsa. Ya ja iska ya cika ƙirji, ya riƙe numfashi, sannan ya kama hannuna da nasa biyu. Ina kallon jijiyar wuyansa tana tashi, idonsa yana kawo ruwa, ya ƙi saki. Ni na zare hannuna don ya samu ya yi numfashi.